Tambaya da Amsa: Yaushe Za Ka Ce Ka San Mutum?

Assalamu alaikum warahmatullah. Yawancin wasiƙun da suka shigo a wannan watan kukan aboki ne ko na ƙawa, shi ya sa na ware musu filin baki ɗaya. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum, na cire sunaye da unguwanni don rufin asiri, na rage tsawon wasu, amma ban taɓa ma'anar kowa ba.

TAMBAYA TA FARKO

Baba, barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau. Shekara biyu ke nan da na haɗu da wani bawan Allah ɗan Kano a Facebook, muka shaƙu ƙwarai. Kusan kullum sai mun yi hira, ya san damuwata na san tasa. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, shi ya fi kowa kirana. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa ido da ido, a wani ɗaurin aure a Kaduna. Yanzu zai karɓi Adaidaita Sahu ya riƙa biya a hankali, mai mashin ɗin ya ce sai ya kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, shi ne ya nemi in sa hannu. Zuciyata ta yarda da shi, amma maiɗakina ta ce ban san shi ba. Ni kuwa gani nake na san shi fiye da wasu 'yan uwana na jini. Wa ya fi gaskiya?

AMSA

Ɗana, maiɗakinka ta fi ka gaskiya a nan. Ka lura ba ta ce abokinka mugu ba ne, ni ma ban ce ba. Cewa ta yi ba ka san shi ba, wannan kuwa magana ce daban.

An ruwaito cewa wani mutum ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar bin Khaɗɗab, Allah ya ƙara masa yarda, sai Umar ya ce ya kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce shi ya san shi da kirki. Umar ya yi masa tambaya uku. Maƙwabcinka ne na kusa, wanda ka san darensa da ranarsa, shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa yin tafiya tare, irin wadda a cikinta ake gane halin mutum? A'a. Kun taɓa yin hulɗar dinari da dirhami, wadda da ita ake gane tsantsenin mutum? A'a. Umar ya ce masa, to ba ka san shi ba.

Ka ɗora abokinka a kan ukun nan ka gani. Maƙwabci yana jin yadda mutum yake yi wa iyalinsa magana in ransa ya ɓaci, yana ganin masu yi masa sallama da sassafe, masu bin bashi ne ko masu neman taimako. Abokin tafiya yana ganinka ranar da mota ta lalace tsakanin Funtuwa da Tsafe, rana ta take, ruwan da ya rage bai fi kurɓi biyu ba. Kuɗi kuwa ba sai na yi bayani ba. Abin da ya haɗa ukun shi ne, a cikinsu mutum ba shi da ikon zaɓar abin da za ka gani. A waya yana da wannan ikon cikakke. Ba wai ƙarya yake yi maka ba, dukkanmu haka muke: in za mu tura saƙo sai mun tace, in ranmu a ɓace yake mu ajiye wayar har mu huce. Abin da ka sani game da shi gaskiya ne, yana da tausayi, ya iya sauraro, ya damu da mahaifiyarka. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ba na cikin masu raina abotar nesa. Tun kafin a san intanet, 'yan zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna sun ƙulla zumunci ta katin gaisuwa, mutumin Azare da na Damagaram su zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Sai dai waɗanda nasu ya ɗore, su ne waɗanda suka taka ƙafa suka je garin juna, suka kwana, suka ci tuwon gidan.

Sannan ka san abin da sa hannun nan yake nufi. Hadisi ya ce mai lamuni shi ne mai biya, takardar da za su miƙo maka ma abin da ta ƙunsa ke nan. Ranar da abokinka ya kasa, ko don ciwo ne ko don an sace mashin ɗin, kai za a waiwaya. Dalilin da ya sa ake son ma'aikacin gwamnati ke nan, an san ofishinsa, an san ranar albashinsa. In aka ce gobe ka biya kuɗin mashin ɗin gaba ɗaya, gidanka zai tsaya da ƙafarsa?

Akwai tambayar da ya kamata ka yi masa kai tsaye, cikin ladabi. Kano cike take da ma'aikata, me ya sa cikin danginsa da abokan tasowarsa ba a samu mai tsaya masa ba sai kai da kake Gusau? Mai yiwuwa yana da amsa mai kyau, kuma yadda zai karɓi tambayar ma zai nuna maka abu mai yawa. In kana son taimakonsa da gaske, ka ɗauki hutun kwana biyu ka je Kano, ka gaida iyayensa, ka yi salla a masallacin layinsu, ka zauna a majalisarsu ka ji yadda ake yi da shi. In hakan ba zai yiwu ba, ka ba shi gudummawar abin da ko bai dawo ba ba zai raba ku ba, ka ce masa sa hannu dai ba yanzu ba.

TAMBAYA TA BIYU

Baba, tun muna makarantar allo muke tare da shi, gidanmu da nasu katanga ɗaya. Shi ne babban aboki ranar aurena, ni na yi masa nasa. A farkon 2022 na sayar da filina na tura masa naira miliyan huɗu ta banki, ya zuba a harkarsa ta atamfa da shadda a Kantin Kwari, a kan za mu riƙa raba riba. Ba mu rubuta komai ba, ba mu kira kowa ba, don a lokacin ko ɗago maganar rubutu kunya zan ji. Shekarar farko ya turo mini riba sau biyu. Daga nan sai "ka ƙara haƙuri". Yanzu wata bakwai ke nan ba ya ɗaga wayata, in na je shago yaransa su ce ya fita. 'Yan uwana sun ce in kai shi wurin 'yan sanda. Wallahi Baba kuɗin suna damuna, amma abin da ya hana ni barci shi ne, ashe shekara talatin ban san shi ba?

AMSA

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri, ya sanyaya maka zuciya. Irin wannan ciwon na sha ganin ya raba gidaje biyu har jikoki, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ka ga tambayoyin Sayyidina Umar da na kawo a sama. Biyu ka cika su tun kuna yara, maƙwabcinka ne, kuma na tabbata kun sha tafiya tare. Ta ukun ce ba ka taɓa shiga ba sai a 2022, da ka tashi shiga kuma, da kuɗin fili sukutum ka shiga. Saboda haka kada ka ce shekara talatin ɗin nan ƙarya ce. Ka san shi a wasa, ka san shi a biki da makoki, wannan sanin yana nan daram. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda yake in dukiyar wani ta narke a hannunsa, kuma mai yiwuwa shi kansa bai san hakan ba sai yanzu. Wanda ya saba ɗaukar kwano goma bai san ko zai iya buhu ba sai an ɗora masa.

Bari mu fara gyara maganar haƙƙi, don na ga alamar kai da 'yan uwanka kallon bashi kuke yi wa kuɗin nan. Yadda ka bayyana, ba bashi ba ne. Kai ka kawo jari, shi ya sa ƙarfinsa, ku raba riba, wannan shi malaman fiƙihu suke kira ƙiradi. Hukuncinsa, in an ci riba a raba yadda aka yi alkawari, in an faɗi kuwa asarar dukiya tana kan mai dukiya, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba ya biya sai in ya yi sakaci, ko ya saɓa sharaɗin da aka gindaya masa, ko ya ci. Na san maganar ba za ta yi maka daɗi ba. Da yawanmu muna son riba irin ta ƙiradi, ranar faɗuwa kuma mu ce rance muka bayar, shari'a kuwa ba ta yarda a haɗa biyun ba.

Ka kuma dubi shekarun da kuɗinka suka shiga kasuwa. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa. Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda sauyin naira, ciniki ya tsaya. Ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai sayar da kayan da ake shigowa da su daga Sin, in ya sayar da dila goma ya koma saro, sai ya tarar kuɗin ba za su dawo masa da goman ba, ga bashin da 'yan sari suka ɗauka suka yi shiru. Manyan 'yan kasuwa sun durƙusa a wannan tsakanin. Ban ce abin da ya sami abokinka ke nan ba. Cewa nake akwai hanyar da kuɗinka za su narke ba tare da ya ci ko kwabo ba.

Amma ɓuyan da yake yi laifi ne, ba zan wanke shi ba. A wurina, nan ne ake gane amini. Faɗuwa kowa yana yi, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin dubawa shi ne me mutum ya yi ranar da amanarka ta lalace a hannunsa. Akwai wanda zai zo da ƙafarsa da dare, littafin shago a hammata, ya zauna a tabarmarka ya ce ga abin da ya faru, ga abin da ya rage, yi yadda ka ga dama da ni. Akwai wanda zai kashe waya. Na biyun ba lallai ɓarawo ba ne. Sau da yawa kunya ce, irin kunyar nan tamu da take sa mutum ya gwammace a zarge shi da cin amana da a gan shi ya karye. Yana ta jiran kasuwa ta gyaru ya haɗa kuɗin ya zo maka da su a hannu, kwana yana tafiya, kullum zuwan yana ƙara yi masa nauyi. Na ga haka ga mutanen kirki. Sai dai ko kunya ce, ta riga ta zama zalunci, don kai ma iyali gare ka, kuma haƙƙinka ne ka san halin da dukiyarka take ciki.

Maganar rubutu da ka ce kunya za ka ji, ita nake so duk mai karanta wannan fili ya tsaya a kanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu riƙon amana nesa ba kusa ba. Ayar ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, ta kuma faɗi dalili: hakan ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da hana ku shakka. Naku ƙiradi ne, amma hikimar ɗaya ce, kuma shakkar da ayar ta ambata ita ce take hana ka barci yau.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi, daga kasuwannin Wudil da Maigatari zuwa Ibadan. A Sabo yake sauka wurin maigidansa, yakan bar kuɗin garke guda a hannunsa ya dawo gida, sai wata tafiyar ya karɓa. 'Yan yanzu in sun ji haka sai su ce ai a da akwai amana. Akwai kam. Amma yadda yake ba mu labari, bashi ake ba mahautan Yarabawa shanun, kuma ba a sayar da sa ko ɗaya a ɓoye. Dillali yana tsaye, akawun maigida yana rubutawa, jama'a suna gani. Mahaucin da ya ƙi biya ba mai sake sayar masa sai ya biya. Maigidan da ya ci kuɗin baƙonsa kuwa, kafin baƙon ya iso Arewa labari ya riga shi, ba falken da zai ƙara sauka gidan. Amanar tasu tana da shaidu, tana da littafi, shi ya sa ta yi ƙarko. Mu ne muka ɗauka cewa in ana ƙauna ba a lissafi.

Shawarata, ka bar zuwa shago, a gaban yaransa ba zai iya buɗe maka cikinsa ba. Ka nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawunsa ko limamin unguwarku ko wani dattijo a layinsu na kasuwa, ku same shi a gida bayan isha'i. Kada kuɗi su zama abin da zai fara fita daga bakinka. Ka ce masa ka zo ne ka ji abin da ya same shi. Daga nan sai ka nemi lissafi: me aka saro, me aka sayar, wa ake bi, me ya rage. In lissafi ya nuna faɗuwa ce tsakani da Allah, ka karɓi abin da ya saura na jarinka, ka yi haƙuri da sauran. In ya nuna ya taɓa kuɗin ya yi hidimar gabansa, wannan ya zama bashi a wuyansa. A rubuta, a sa shaidu biyu, a yanka masa abin da zai iya biya duk wata, don aya ta 280 a surar nan ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. In kuwa ya ƙi zama ya ƙi lissafi, alhali ana ganinsa yana sabon gini, sai ka kai maganar gaban shugabannin kasuwa, in ta faskara ka tafi kotu. Shaidar banki ta kuɗin da ka tura da ta ribar da ya turo maka sau biyu hujja ce a hannunka.

'Yan sanda kuwa, a'a. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum kawai saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci, karɓar bashi ba aikinsu ba ne. Ban da haka, ranar da aka sa shi a bayan kanta, mahaifiyarsa da taka sun daina gaisawa ke nan, ga shi katanga ɗaya ce tsakani.

TAMBAYA TA UKU

Baba, daga Zariya nake. Ina da ƙawa tun muna sakandare, komai nawa ta sani. Maigidana ya rasa aikinsa wata huɗu da suka wuce, ya roƙe ni kada danginsa su ji har ya samu wani, ni nake riƙe da gidan da ɗan ɗinkin da nake yi. Abin ya yi mini nauyi, na gaya wa ƙawata ita kaɗai. Ba a yi sati biyu ba sai ga Hajiyarsu ta kira shi tana kuka. Yanzu ko kallona ba ya son yi. Da na tuhumi ƙawata ba ta musa ba, ta ce yayarta kawai ta faɗa wa, don mijin yayar yana da hanyar samar masa aiki. In rabu da ita?

AMSA

'Yata, sannu da ƙoƙari. Macen da ta riƙe gida wata huɗu da keken ɗinki ta cancanci a yaba mata kafin a ce mata komai. Allah ya yi miki albarka.

Amma zan faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Sirrin nan ba naki ba ne, na maigidanki ne, ajiya ya ba ki. Abin da ƙawarki ta yi miki shi kika fara yi masa. Ke kin faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da ita don nauyi ya yi miki yawa, ita ma ta faɗa wa mutum ɗaya da ta yarda da ita don tana son ta taimaka. Ba mai mugun nufi a cikinku, magana kuma ta isa inda aka ce kada ta je. Don haka daga ɗakinki gyaran zai fara. Ki same shi lokacin da ya natsu, ki ba shi haƙuri ba tare da kin jingina laifin ga ƙawarki ba, ki gaya masa gaskiya cewa kayan ne suka yi miki nauyi. Namijin da ya rasa aiki ba abin da yake tsoro kamar ya zube a idon mahaifiyarsa da matarsa. Ki nuna masa bai zube a naki ba.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar nan amana ce. Waigen kaɗai ya isa, ba sai ya ce kada a faɗa ba. Riƙon sirri kuma yana da tsada. Lokacin da mijin Nana Hafsa ya rasu, mahaifinta Sayyidina Umar ya yi wa Sayyidina Usman tayin aurenta, bayan ya yi nazari ya ce ba zai yi aure a lokacin ba. Ya yi wa Sayyidina Abubakar tayi, Abubakar ya yi shiru bai ce masa uffan ba, Umar da kansa ya ce wannan ya fi yi masa ciwo. Bayan 'yan kwanaki Manzon Allah ya nemi aurenta. Sai Abubakar ya sami Umar ya ce masa ba abin da ya hana shi amsawa sai don ya san Manzon Allah ya ambace ta, shi kuwa ba zai tona sirrinsa ba. Imamu Buhari ya kawo wannan. Ki duba fa, kalma ɗaya za ta wanke shi a wurin amininsa, labarin ma na farin ciki ne, amma ya gwammace Umar ya riƙe shi a rai na 'yan kwanaki. Da ƙawarki ta dawo ta ce miki, kin yarda in yi wa mijin Yaya magana? da duk wannan bai faru ba.

Rabuwa kuwa, ban ga dalilinta ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a wasiƙarki, da kika tambaye ta ba ta musa ba. Da ta so sai ta rantse ta ce ba ita ba ce, ki koma zargin maƙwabta. Wadda ta faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya za ta fisshe ta ba ta yarwa ba ce. Ki gaya mata a fili irin ɓarnar da maganar ta yi, ki ba ta dama ta ba ki haƙuri. Abin da ya canza shi ne yanzu kin san wani gefe nata da a da ba ki sani ba, tana da zuciyar taimako amma cikinta ba ya riƙe magana. Akwai ƙawar da za ki ba ajiyar sarƙar gwal ki shekara ki tarar da ita yadda kika bari, amma zance ba ya kwana a bakinta. Akwai wadda za ta mutu da sirrinki, amma in kun shiga adashi tare sai an yi rigima. Kowacce ki ba ta abin da za ta iya riƙewa. Ki ci gaba da zuwa sunanta da bikinta, ki yi mata gudummawa yadda kuka saba. Maganar maigidanki dai ta tsaya a ɗakinki, in ta sake yi miki nauyi har kin rasa yadda za ki yi, ki nemi izininsa ki faɗa wa mahaifiyarki.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam, ni malamin makaranta ne a Maraɗi. Abokina da muka yi talauci tare, muka ci kwano ɗaya, Allah ya buɗa masa a harkar shigo da kaya daga Kwatano. Shekara uku ke nan bai zo majalisarmu ba, ni kuma na daina zuwa gidansa don kada a ce maula na je. Duk salla yana aiko mini da shadda da buhun shinkafa ta hannun direbansa. In mayar masa? Ni ba shinkafa nake so ba, abokina nake so.

AMSA

Malam, kada ka mayar. Wanda ya manta da kai ba ya tuna ka ranar salla. Maganar nan da ka rufe wasiƙarka da ita, shi ya kamata ya ji ta, daga bakinka kuma.

Ka ce bai zo ba, kai ma ka ce ka ɗauke ƙafa. Na zauna da masu dukiya da masu muƙami, kukansu in an keɓe shi ne duk mai sallama da buƙata yake tafe, har sun daina gane wa yake son su. Waɗanda suka san su tun ba su da komai su ne masu mutuncin da suke ja da baya don gudun a ce maula, sai a bar su da 'yan amshin shata. Mai yiwuwa shi ma yana can yana cewa tun da Allah ya ba shi ka guje shi.

Kada ka je ofis, kada ka je lokacin da ƙofar gidansa ta cika. Ka bi shi masallacin da yake sallar asuba, ku fito tare, ka kira shi da sunan da kake kiransa kuna yara, ban da Alhaji. Ka yi masa godiyar shinkafa, ka ce masa ranar Juma'a bayan la'asar kana gida, za a dama fura. Kada ka roƙe shi komai a ranar, ko da kana da buƙata, ko da wani ne ya aiko ka. In ya zo, ka shimfiɗa masa tabarmar da kowa yake zama a kai, kada ka je aron kujera. In bai zo ba, ka sake gayyatarsa bayan wata guda, sannan ka rubuto mini abin da ya ce.